Ban ruwan kankare da zaɓin ƙarfe: tiyo, datsa ruwa, buhu, leda ko magani? Rodi, raga ko faiba?

Duk wanda ya kai matakin zuba dekin ko daɓen kankare a gininsa ya san irin shawarwarin da ke zubo masa ta ko'ina. Birkila ya ce a dinga watsa ruwa safe da yamma kwana uku ya isa, wani ya ce a'a datse ruwa za a yi a kai, maƙwabci ya ce shi leda ya shimfiɗa, wani da ya yi aiki da kamfani a Abuja ya ce akwai maganin da ake fesawa shikenan an huta. Haka ma wajen ƙarfe, wannan ya ce rodi, wancan ya ce raga ta wadatar, yanzu ma ga masu tallar faiba, zaruruwan da ake zubawa cikin kwaɓi. Kuɗi kuma ba a hannu suke ba balle mutum ya ce bari ya gwada duka.

Abu na farko da nake so ya zauna maka, ɗan'uwa, kankare ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba. Siminti haɗuwa yake da ruwa ya ɗaure yashi da tsakuwa, kuma wannan aikin yana ɗaukar makonni yana gudana a cikinsa, in ruwan ya gudu da wuri aikin tsayawa yake. Shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana 28, kuma a kwana 7 na farko yake samun kamar kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfin in an kula da shi. Wanda aka bari a rana da iska ba ban ruwa zai iya rasa kusan rabin ƙarfin da ya kamata ya samu, musamman samansa. Kaga kenan ka sayi buhu ɗari ka ci moriyar hamsin da ɗoriya.

Abu na biyu, ƙarfe kafin a zuba ake saka shi. In an riga an zuba toh magana ta ƙare ta wannan ɓangaren, babu wani abu da za ka shafa ko ka yayyafa daga sama ya maye gurbin rodin da ba a sa ba. Abin da ya rage a hannunka ban ruwa ne da haƙuri.

Ni abubuwa biyar nake dubawa kafin in ce wa mutum ga hanyar da zai ɗauka. Kuɗin da za ta ci, har da kuɗin ruwa da na wanda zai tsaya a kai. Ingancin kankaren da za ta bar maka bayan shekaru. Sauƙin yi, wato shin lebura zai iya ko sai ƙwararre. Haɗarin da ke cikinta in aka yi kuskure. Sai na biyar wanda mutane ba sa lissafawa kuma shi ya fi kashe aiki: shin hanyar tana buƙatar wani ya dinga tunawa da ita kullum? Domin yaron da ka bar wa tiyo ranar farko zai yi da gaske, rana ta uku an yi rasuwa a unguwarsu ko wuta ta ɗauke babu ruwa a tanki, kai kuma kana wajen aiki kana zaton komai lafiya.

Bari mu fara da ban ruwa.

Watsa ruwa da tiyo ko bokiti shi ne abin da kusan kowa ke yi, kuma shi ne mafi rauni in dai safe da yamma kawai za a yi. Ka je ka tsaya a kan dekin da aka jiƙa da asuba a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40, kafin ƙarfe goma za ka ga baƙin ruwan ya fara ja da baya daga gefe-gefe yana barin fari, kafin azahar ba za ka iya taka shi ba takalmi ba, ya bushe ƙarau. Da yamma sai a zo a sheƙa masa ruwan sanyi yana da zafi. Wannan jiƙa-bushe jiƙa-bushen shi ke kawo ƙananan tsagar nan da ke bazuwa a sama, kuma bayan wata biyu in ka goga ƙafa sai ka ga gari yana tashi. Kuɗinta kaɗan ne in kana da burtsatse, ba ta buƙatar gwaninta, amma ba ta da amfani sosai sai in saman bai taɓa bushewa ba ko sau ɗaya, wanda ke nufin mutum ya tare a wajen yana yi duk bayan awa ɗaya ko biyu. Da damina ko a wurin da ke da inuwa za ta iya wucewa.

Datse ruwa kuwa, wato a kewaye gefen dekin da ɗan tudun yashi da siminti mara ƙarfi, a raba shi gida-gida kamar fangalin shinkafa a fadama a cika da ruwa, wannan ita ce ta fi kowacce ba kankare abin da yake so. Ruwa na kwance a kai dare da rana, yana sanyaya shi, babu bushewa. Matsalarta ruwa. Yi lissafi da kanka, fili mai murabba'in mita 100 in za ka kwantar da ruwa mai zurfin santimita 3 kana buƙatar lita 3,000, jarka 120 kenan ta lita 25, ciko ɗaya, sannan kullum sai an ƙara abin da rana ta sha da wanda ya zurare. In 'yan garuwa ne ke kawo maka sai ka ji a jikinka, ga hawa da shi sama. Kuma sai fili ya zama a daidaice, in da gangara ruwan zai taru gefe ɗaya ya bar ɗayan a bushe. Wani abin kuma a kula, ruwan da ke zuba ƙasa kada ya jiƙa gindin tokarar da ke riƙe da katako har ƙasa ta yi laushi ta nutse, wannan haɗari ne na gaske ga dekin da bai kai ba.

Jiƙaƙƙen buhu ko yashi, a nan ni dai zuciyata ta fi kwanciya ga mai ginin gida na talaka. Buhun algarara, irin na zare da ake zuba gyaɗa, a farke shi a jiƙa shi sharkaf a shimfiɗa gefe na hawa kan gefe, a dinga yayyafa masa ruwa sau biyu ko uku a rana. Buhun yana riƙe ruwa yana kare rana da iska, saboda haka ruwan da za ka kashe bai kai na datsawa ba ko kusa. Buhun leda irin na siminti ko na taki ba ya shan ruwa, ba shi ake nufi ba. A wanke buhun kafin a sa, musamman in ya taɓa ɗaukar sukari, domin sukari yana hana siminti kamawa, haka taki da gishiri ba a son su kusa. In buhu ya yi wuya, yashi mai tsabta kaurin yatsa uku ya yi, kuma ba asara ba ne tunda za ka kwashe shi ka yi filasta ko gini da shi. Jar ƙasa kam a'a, tana rina kankare. Haɗarin wannan hanyar ɗaya ne, in aka bar buhun ya bushe sai ya koma zuƙar ruwa daga jikin kankaren, ya zama gara babu shi.

Leda tana aiki ta wata fuska daban, ba ta ƙara ruwa, tana hana wanda ke ciki gudu ne. A jiƙa saman sosai, a shimfiɗa leda mai kauri, inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da kamar taƙi ɗaya da rabi, a danne gefuna da yashi ko katako ta yadda iska ba za ta shiga ba. In ka ɗaga gefe washegari ka ga raɓa ta taru a ƙarƙashi tana ɗiga toh aiki na tafiya. Wurin da ruwa ke da tsada babu kamarta. Amma iskar hunturu in ta samu ƙofa ɗaya sai ta yaye ta cikin dare, akuya ko ƙusa ta huda ta, kuma baƙar leda da bazara tana tara zafi, fara ko mai haske ta fi. Tana kuma barin dabbare-dabbare a inda ta tattare, in za ka sa tayil ba damuwa, in kuma a haka za ka bar daɓen ana gani toh ka sani.

Maganin feshi, irin su Antisol na Sika, ruwa ne da ake fesawa sau ɗaya ya bushe ya zama fata a sama ya tsare damshi. Kamfanonin da ke yin titin kankare da manyan filaye shi suke amfani da shi saboda ba za su iya bin fili mai girma haka da buhu ba. Lita ɗaya kan rufe kamar murabba'in mita 4 zuwa 5, amma abin da ke rubuce a jikin jarkar shi za ka bi. Ya fi sauran tsada a saye, sai dai babu kuɗin ruwa babu na mai gadi. Lokacin fesawa yana da muhimmanci, sai ƙyallin ruwan sama ya ɗauke amma kankaren bai bushe ba, kuma duk inda feshin ya tsallake nan ba shi da kariya. Babban abin da nake jan kunne a kai, wasu irinsa masu kakin zuma ko mai suna hana tayil da filasta da fenti kamawa daga baya, sai an kankare su. Ka tambayi mai sayarwa wannan kai tsaye, in ya kasa amsa ka bari.

| Hanya | Kuɗi | Ingancin da take bari | Sauƙi | Inda take ba da matsala |
|---|---|---|---|---|
| Tiyo ko bokiti | Kaɗan in akwai ruwa | Rauni, sai in ba a bari ya bushe ba | Kowa zai iya | Mantuwa, zafi, iska |
| Datsa ruwa | Ya danganta da tsadar ruwa | Mafi kyau | Matsakaici | Gangara, yoyo, jiƙa gindin tokara |
| Buhu ko yashi | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai kyau sosai | Mai sauƙi | In aka bari ya bushe |
| Leda | Matsakaici | Mai kyau | Mai sauƙi | Iska, huda, tabo |
| Maganin feshi | Mai yawa a saye | Mai kyau in an fesa daidai | Sai wanda ya iya | Hana tayil kamawa, tsallake wuri |

Kowacce ka ɗauka, kwana 7 shi ne mafi ƙaranci. Da bazara ko hunturu ka kai 10 zuwa 14, haka in siminti mai lamba 32.5 ka yi amfani da shi, domin ya fi mai 42.5 jinkirin yin ƙarfi. Lambar na jikin buhun, ko Dangote ne ko BUA ko Ashaka, ka duba. Kuma hunturu ya fi yaudara, mutane na ganin sanyi ne sai su sassauta, alhali busasshiyar iskar nan ta Disamba da Janairu tana zuƙe ruwa fiye da yadda ake zato, har ka ga tsaga ta fito tun ranar da aka zuba kafin ma a fara ban ruwa. Maganin wannan a zuba da la'asar ko a kare iska da rumfar buhu, kuma da zarar ka danna yatsa bai nutse ba, sai a rufe, kada a ce sai gobe.

Wani abu da ke ɓata min rai a wajen zubi shi ne ihun a ƙaro ruwa. Leburori na son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin ɗauka a kwano da bazawa, ba laifinsu ba ne aikin da wuya, amma duk ruwan da ya wuce kima ramuka yake bari a ciki in ya fita. Buhu ɗaya mai kilo 50 kusan jarka ɗaya ta lita 25 yake so, in yashin a jiƙe yake ma a rage. Ruwan da ake buƙata da yawa na bayan zubi ne.

Yanzu ƙarfe, ga wanda bai zuba ba tukun.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya amma rago ne wajen ja, ƙarfin jansa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na danniyar ba, shi ya sa ake sa ƙarfe inda zai ja. Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce, kankaren a kan ƙasa zai kwanta ko a rataye yake mutane na zaune a ƙarƙashi?

In dekin ne babu zaɓi, rodi ne, kuma injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, shi ne zai faɗi kauri da tazara bisa faɗin ɗakunanka. Yawancin gidajen zama za ka ga inci 6 na kankare da Y12, wato rodi mai kaurin milimita 12, amma tazarar ba abin kwafa ba ce daga ginin maƙwabci. Ka tuna dekin mai inci 6 nauyin kansa kawai ya kai kilo 360 a kowace murabba'in mita kafin a ɗora bulo ko tankin ruwa. Rodi ya fi duka tsada, yana son mai ɗauri da ya san aiki, amma in an yi daidai shi ne na har jikoki. Inda ake cutuwa wuri uku ne. Na farko rodin da bai cika kauri ba, a ce maka 12 ne alhali ya gaza. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ko ina ma, ka sa a ɗora a sikeli, Y12 mai tsawon mita 12 ya kamata ya kai kusan kilo 10.7, Y10 kuma kusan 7.4, Y16 kusan 19. Na biyu rashin biskit, ƙananan dunƙulen simintin nan da ake sa wa a ƙarƙashin rodi don ya ɗaga daga katako da kamar inci ɗaya. In babu su rodi zai kwanta a fatar ƙasa, damshi ya same shi ya yi tsatsa ya kumbura, shi ne kake ganin silin yana ɓarewa jan ƙarfe na leƙowa. Na uku rodin sama, wanda ke kan bim, wato ginshiƙin kwance da ke ɗauke da dekin, da bango da kuma baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi. A baranda rodin sama shi ke riƙe da komai, in masu zubi suka tattaka shi ya koma ƙasa toh kamar ba a sa ba, kuma irin wannan ba ta gargaɗi kafin ta karye. Ranar zubi ka sa mutum ɗaya aikinsa kawai ya dinga duba wannan, a shimfiɗa katako a bi ta kai. Wajen haɗa rodi biyu kuma a bar su su haɗu da tsawon da ya kai kamar ninki 50 na kaurinsu, Y12 kenan santimita 60.

Ragar waya ta BRC ta daɓen ƙasa ce, tsakar gida, shago, wurin ajiye mota. Tana zuwa da lamba, A142 wayarta milimita 6 ce da tazarar santimita 20, A193 milimita 7, A252 milimita 8. Ta fi rodi araha da saurin shimfiɗawa. Aikinta ba hana tsagewa gaba ɗaya ba ne, riƙe tsagar take kada ta buɗe ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yar da ita a ƙasa a zuba a kai da cewa za a jawo ta sama da ƙugiya, ba ta zuwa daidai. A ɗaga ta da biskit ta zauna a ɓangaren sama, kamar inci biyu daga fuska. Akwai wata siririyar waya ta nadi da ake sayarwa da sunan raga wadda ta fi dacewa da kejin kaji, ita kam kada a ɓata kuɗi.

Faiba zaruruwa ne da ake zubawa cikin kwaɓi. Ta roba ƙasa da kilo ɗaya ake sa wa a kubik mita ɗaya ta kankare, wato lita 1,000 na kwaɓi, tana rage tsagar nan ta awannin farko, wanda a hunturu abin so ne, amma ba ta ɗaukar kaya. Ta ƙarfe ana sa ta a daɓen masana'antu da lissafin injiniya, tana da tsada kuma tana son injin kwaɓi, da shebur dunƙulewa take. Duk wanda ya ce maka faiba za ta maye rodi a dekin, ka rabu da shi.

A daɓen ƙasa gaskiya abin da ke ƙarƙashi ya fi ƙarfen muhimmanci. Cikon da ba a daddanne ba zai zauna bayan damina ɗaya ya bar rami, ko wace raga ka sa sai ya tsage. A danne shi hawa-hawa ana jiƙawa, a shimfiɗa leda kafin zubi don ƙasa kada ta shanye ruwan kwaɓin kuma damshi kada ya taso daga baya, a filin waje kuma a yanka layi duk bayan mita 3 zuwa 4 mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, cikin kwana ɗaya da zubawa, don tsagar ta bi nan.

| Ƙarfe | Kuɗi | Inda ya dace | Haɗari |
|---|---|---|---|
| Rodi | Mai yawa | Dekin, baranda, inda manyan motoci ke bi | Wanda bai cika ba, rashin biskit, taka rodin sama |
| Ragar BRC | Matsakaici | Daɓen ƙasa, tsakar gida, gareji | A bar ta kwance a ƙasa |
| Faibar roba | Kaɗan | Ƙari kan raga ko rodi | A ɗauka tana ɗaukar kaya |
| Babu komai | Babu | Ƙaramar hanyar ƙafa | Tsaga mai buɗewa in ƙasa ta motsa |

Toh wa zai ɗauki me? In dekin gidan zama kake zubawa kuma kana da burtsatse da tanki, rodi bisa zanen injiniya, ka datse ruwa mako biyu. In sayen ruwa kake yi, ka jiƙa buhu ka ɗora leda a kansa ka danne gefuna, haɗin nan ya fi kowanne shi kaɗai, ko yaronka ya yi fashin kwana ɗaya kankaren ba zai bushe ba, kuma ita nake ba wa duk wanda ba ya zaune kusa da gininsa. Daɓen ɗaki ko shago da za a sa wa tayil, raga da jiƙaƙƙen yashi sun wadatar, ka guji maganin feshi sai ka tabbatar ba ya hana kamawa. Filin ajiye motoci ko gidan mai ko sito mai faɗi, nan ne maganin feshi ke biyan kuɗinsa, tare da raga mai kauri ko rodi gwargwadon motocin da za su hau. In da damina ne, ka tanadi leda a gefe tun kafin a fara kwaɓi domin ruwan sama a awannin farko wanke simintin fuska yake, bayan ya kama kuma alheri ne.

Maganar ɗora kaya, mutum zai iya takawa a hankali bayan kwana ɗaya ko biyu, ƙaramar mota a daɓen ƙasa bayan mako ɗaya ko fiye, tifa da tanka sai bayan kwana 28. A dekin kada ka yarda a jibge bulo ko yashi a tsakiyar ɗaki a makon farko don ana sauri, kuma tokarar ƙasa yawancin injiniyoyinmu kwana 21 suke cewa a bari, mai faɗi da baranda har 28. Kafinta zai matsa maka yana son katakonsa ya kai wani aiki, ka biya shi kuɗin ƙarin kwanakin ka bar su a wurin.